Ummu Umair ta Ƙurban

Ni na haife shi. Bari in fara da wannan, domin ko a nan Madina, cikin danginmu ma, akwai yaran da za su rantse maka cewa ɗan Yaya Safiyatu ne. Ni Ƙaltume na yi laulayinsa, ni na sha naƙudarsa har na roƙi nas ta yafe mini idan na mutu a hannunta, ni na shayar da shi. Sai dai ɗan fari ne, kuma mu a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ya fasa baki wata ce za ta ɗaga shi, ke ki kau da kai. Kakanninmu da ƙafa suka baro ƙasar Hausa, sun zubar da kaya da yawa a hanya kafin su iso Harami, amma wannan al'ada ba su zubar ba. Har yau idan ina labarinsa "yaron" nake cewa, ko "ɗan Ƙurban". Sunansa a bakin wasu za ku ji shi.

Da aka tashi yaye shi, Innarmu Hajo ta ce a kai shi unguwar Ƙurban, gidan Yaya, ya manta nono. Yaya ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba. Yaro ya manta nono, aka ce a bar shi ya ƙara kwana biyu, kwana biyu suka zama shekara. Sai Inna ta kira ni ɗaki ta ce, "Ƙaltume, ke Allah zai ƙara miki. Ki bar wa yayarki wannan." To me zan ce? In buɗe baki a gaban uwata in ce ina son ɗan farina? Na ce to. Kuma ban yi da-na-sani ba, abin da ya kamata 'yar mutunci ta yi na yi. Allah kuwa ya ƙara mini, na haifi Tahir, na haifi Sundus.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne halin Larabawa. Su mace da ɗanta na fari ake kiranta. Maƙwabtan Yaya suka ga yaro goye a bayanta, suka fara ce mata Ummu Umair, ita kuma ta amsa, ko kunya babu. Ni a unguwarmu, Harra ta Yamma, na zama Ummu Tahir. Yaron ya tashi yana ce mata Ummi, ni yana ce mini Khala, wato ƙanwar uwa. Ya san gaskiya sarai, ba wanda ya ɓoye masa, sunan mijina Sabiru ne a takardunsa. Amma baki abin da ya saba shi yake faɗa. Lokacin da yake ɗan yaro mai majina abin bai dame ni can ba. Na ce a raina zai girma ya yi hankali, wata rana zai shigo ɗakina ya ce "Umma" da bakinsa. Wannan kalmar kaɗai nake jira, ba na neman komai nasa bayan ita.

Yana firamare kamfanin su Bakri, mijin Yaya, ya tura shi aiki wata ƙasar Turai mai duwatsu da ƙanƙara, suka tattara har da yaron suka tafi. Da suka zo hutu aka ce wai yana wasan kwale-kwale, na yi dariya har da riƙe ciki. Ɗan Madina? Mu da kogi baƙo ne a wurinmu, sai an yi ruwan sama mai ƙarfi busasshen rafin Wadi Aƙiƙ ya kawo, gari ya fita da fulas ɗin shayi ana kallo ana ɗaukar hoto, kwana biyu ya ƙafe? Inna ce kaɗai ba ta yi mamaki ba. Ta ce kakanta masunci ne a Yawuri, jini ne ya motsa.

Sai da ya zama saurayi, su Yaya sun dawo gida shi ya zauna can yana horo, sannan Sundus ta nuna mini wasan a jawwal ɗinta, wato wayar hannu. Wayyo Allah! Ba irin ruwan da na sani ba ne. Ruwa ne mai gudu, fari fat da kumfa, yana dukan duwatsu yana tsalle kamar tukunyar da aka manta a wuta. An ja igiyoyi a sama an rataya sanduna bibbiyu, su ake ce wa ƙofofi. Koriyar ƙofa da gangarar ruwa kake shigarta. Ja kuwa sai ka wuce ta, ka juyo, ka hau ruwa ka shiga ta baya, ruwan na tura ka kana tura shi. In jikinka ko filafilinka ya taɓa sanda an ƙara maka sakan biyu, in ka tsallake ƙofa an ƙara maka hamsin, wato ka kama hanyar gida. Shi kuma ga shi a durƙushe cikin wani ɗan siririn kwale-kwale, da filafili mai baki ɗaya yana tuƙi ta dama. Ina cikin kallo ruwan ya kife shi. Na ce "Inna lillahi!" na yar da wayar. Kafin Sundus ta ɗauko ta ya murɗa jiki ya taso, yana tofar da ruwa yana ci gaba. Ranar ko loma ban iya haɗiya ba.

Tun daga nan ba a yi gasa da shi ban kalla ba. A ɓoye mana. In Sabiru ya tafi shago sai in tura ƙofar kicin, in jingina wayar da gwangwanin shayi. Kallo ya mai da ni gwana. Na gane jar ƙofa ta dama abincinsa ce, ido rufe yake shigarta. Ta hagu ita ce ciwon kai, domin sai ya tsallakar da filafilin ta kan hancin kwale-kwalen, jiki a murɗe, nauyi duka a kafaɗa ɗaya. Na san abokan karawarsa kamar 'ya'yan maƙwabta, akwai wani ɗan Japan siriri da ba ya murmushi, akwai wani ɗan Kazakistan mai wuya kamar turmi. In ɗan Japan ɗin ya taɓa sanda nakan ce alhamdu lillahi, Allah ya yafe mini.

Shekarun farko daga ƙarshe yake zuwa. Lokacin ba mai taya Yaya murna, sai tsegumi a gidan biki, wai Bakri ya lalata yaro da wasan Nasara, sa'o'insa sun zama injiniyoyi shi yana wanka a bainar jama'a. Ni ce nake ƙonewa a ciki, ba damar in tanka, don ba a kare ɗan fari a gaban mutane. Sannu a hankali ya fara shiga zagayen ƙarshe. Wata shekara a gasar ƙasashen Asiya ya zo na uku, ya hau dandamali da tutar ƙasa a kafaɗa. Shi ke nan fa, bakunan da suka yi tsegumi su suka cika falon Yaya da "Mabruk, Ummu Umair! Masha Allah, kin iya reno!"

Ka ji mini mata! Yaya fa ba ta kallon wasan. Da an ce za a fara sai ta ɗauki carbi ta shige ɗaki ta ce, "In an gama ku gaya mini." Ba ta san koriya daga ja ba. Sau ɗaya da aka matsa mata ta zauna, ta ga ya juyo zai hau jar ƙofa, sai ta ce, "Laa, me ya sa ya komo? Ya manta wani abu ne?" Amma ita wata mai aikin talabijin ta zo ta zaunar a kujera, aka haska mata fitila, aka ce Ummu Umair ki gaya mana sirrin renon gwarzo. Ta gyara mayafi ta ce madara ce da dabinon ajwa da addu'a. Ina wurin ranar, ni ke zuba wa baƙi gahawa. Da aka nuna shirin, hannuna kaɗai ya fito a gefen allo riƙe da buta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba. Kishin yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, kuma wallahi shi ne ya fi ba ni haushi. Da muguwa ce da na samu abin kamawa. Amma mace ce da in na yi mura sai ta hau tasi ta kawo mini zuma. In na je gidanta na ga kofunansa jere a kan kabad tana goge musu ƙura da gefen mayafinta, sai in ji kamar in ce mata, "Yaya, kin san a wane ruwa ya ciwo wannan?" Sai in haɗiye, in ce Masha Allah.

Ana nan sai abin da nake tsoro ya faru. A wata gasa, a jar ƙofa ta hagu, ya tsallakar da filafili ruwan ya fizge shi, kafaɗar ta goce. Na gan shi ya saki filafilin, masu ceto suka yi tsalle cikin ruwa. Aka yi masa aiki, aka dawo da shi Ƙurban jinya. Na je dubiya tare da mata, na zauna can bakin ƙofa, na ce "Sannu, Allah ya sawwaƙe" ina kallon kafet. Amma na gan shi ta gefen ido. Ya rame, idanunsa sun faɗa, an ce ba ya cin abinci, ba ya magana, yana cewa shi da ruwa sai a lahira.

Na koma gida na ɗora tukunya. Farfesun ƙafar saniya na yi, da daddawar da wata alhajiya ta kawo mini daga Kano, da miyar kuka da tuwo mai laushi. Na ba Sundus na ce ta kai kicin ɗin Yaya, kuma in ta kuskura ta ce daga ni ne sai na yanke mata harshe. Sundus ta ce, "Lesh, Umma, don me? Ɗanki ne fa." Na ce ta rufe mini baki, in Inna ta ji ina dafa wa ɗan fari abinci na musamman ina zan sa kaina? Haka na yi ta yi har ya warke. Kwano ya tafi cike ya dawo wayam, kowace dawowa sai na leƙa na ga ko ya rage.

Ya koma ruwa. Da farko tsoron ƙofar hagu yake yi, ina ganin yadda yake shigarta a makare, yana kare kafaɗar. Daga baya ya saki jiki, ya ci wata gasa, aka miƙa masa abin magana a baki aka tambaye shi me ya dawo da shi. Ya yi dariya ya ce, "Miyar Ummi. Akwai wata miya da take yi mini, ita ta tashe ni." Ban gama jin zafin wannan ba sai ga wayar Yaya.

"Ƙaltume, kin ji yaron nan? Wallahi kunya ta kama ni. Bari in gaya masa taki ce."

"Haba Yaya, miya ce fa. Meye abin faɗa a miya?"

"To, yadda kika ce."

Yadda na ce! Ko ta ɗan musa mini, ko ta ce a'a sai na faɗa. Na ajiye wayar na kwashe kwanukan da na riga na wanke na sake wanke su, har na fasa kofi ɗaya.

Bana ya ce gasar Asiya da ke tafe ita ce ta ƙarshe, kafaɗar ba za ta ƙara ɗaukar wata shekara ba, kuma bai taɓa cin zinariya a cikinta ba. Kafin ya tafi ya zaga dangi sallama, ya zo Harra ta Yamma shi da Bakri bayan la'asar. Lokacin Inna tana gidana, ga kuma Aishatu yayar Sabiru ta zo wuni, mace ce mai ido kamar na alƙali. Ya durƙusa gaban Inna ta dafa kansa ta yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ya juyo wurina. Hausarsa mai gishirin Larabci ce, amma yana ƙoƙari.

"Khala, ki sa mini albarka."

Na dubi bango na ce, "Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa lafiya."

"Kowa," ya maimaita, ya yi ɗan murmushi. Bai tashi ba. "Khala, in tambaye ki wani abu? Ko marra ɗaya, sau ɗaya tak, kin taɓa kallon wasana?"

Inna ta ɗago kai. Aishatu ta ajiye kofin shayinta. Ni da na san kowane ruwa da ya taɓa shiga, ni da na san ranar da ya canja filafili, na ji bakina yana cewa, "Ni ina na ga lokacin kallon wasan ruwa? Aiki ya yi mini yawa."

Aishatu ta gyaɗa kai ta ce, "Ƙaltume akwai kunya. Irinku sun ƙare."

Shi kuma ya ce, "Tayyib, shi ke nan," ya miƙe.

Sundus ta raka shi, na bi bayansu da ledar dabino da zan ce Inna ce ta bayar. A bakin matakala na ji shi yana ce mata da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, "Ban san abin da na yi mata ba. Tun ina ƙarami ko kallona ba ta son yi. Ta bayar da ni, kuma ba ta taɓa waiwaye ba." Sundus ta fara cewa ba haka ba ne, al'ada ce, ya ce, "Khalas, bar shi. Ina da uwa." Na tsaya da leda a hannu har na ji tashin motarsu.

Ashe haka ne. Mu da muka tashi a hannun irin su Inna mun san kau da kan uwa ba ƙi ba ne, mun san wadda ba ta kiran sunanka ita ta fi kowa jin ka a hanta. Amma wa ya gaya masa? Yaro ya tashi tsakanin Larabawa da Turawa, inda uwa ke rungume ƙaton ɗanta a filin jirgi tana sumbatarsa. Ni ina nan ina jiran ya yi hankali ya gane, shi yana can ya gama yanke hukunci tuntuni. Na ji haushinsa, na ji haushin Inna, na ji haushin Yaya ninki biyu, domin ita ce ya kamata ta zaunar da shi ta fahimtar da shi.

Aka ba shi gurbin mutum biyu daga dangi su raka shi. Wa zai ɗauka? Yaya da Bakri. Matar da ba ta iya kallo ita aka sa a jirgi aka kai bakin ruwan! Ni ina kicin ɗina da gwangwanin shayina. Ranar zagayen ƙarshe da hantsi ban ma tura ƙofa ba, Sundus ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

Ɗan Japan ya riga shi sauka, ya yi gudu mai tsabta bai taɓa komai ba, sunansa ya hau sama. Aka nuno yaron a bakin farawa, ido rufe, yana karkaɗa hannuwa a iska yana bin ƙofofin a ransa kamar yadda suke yi, leɓensa na motsi. Aka sake shi. Ƙofofin sama ya wuce su sumul, ja ta dama ya shige ta ya fito kamar an harba shi. A tsakiya wata igiyar ruwa ta doke shi a ƙirji ya ɗan karkace, na ce "Ya Salamu!" ya gyara. Saura ja ta hagu, can ƙasa kusa da ƙarshe. Tun zagayen farko na lura ruwan wurin yana numfashi, ya kumbura ya sauka, duk wanda ya shiga yana kumbure sai ya ɗaga shi ya buga masa sanda a kai. Na miƙe tsaye ina ce wa waya, "Dakata! Dakata, kada ka shiga yanzu!" Wallahi kamar ya ji ni. Ya ɗan tsahirta, ruwan ya sauka, ya tsallakar da filafilin kan wannan kafaɗar da aka ɗinke, ya sunkuyar da kai ya wuce. Sandar ko motsi ba ta yi ba. Ya tuƙa da duk abin da ya rage masa ya ƙetare layi, sunansa ya hau kan na ɗan Japan.

Na rangaɗa guɗa a kicin har maƙwabciya ta buga bango. Sundus ta rungume ni tana kuka. Sai kyamara ta juya bakin ruwa, ga Yaya ta ba ruwan baya, ta rufe fuska da hannu biyu, Bakri yana girgiza ta yana gaya mata an ci. Yaron ya fito jiƙe sharkaf ya ruga ya rungume ta, aka rubuta a ƙasan allo da manyan baƙaƙe: mahaifiyar gwarzo. Na katse guɗar. A nan na rantse cewa in ya dawo sai na yi magana, Inna ta yi fushi, Aishatu ta kai ni duk gidan da za ta kai.

Bakri ya kama istiraha a Aƙiƙ ranar Juma'a, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya don taro, aka yi walima bayan an sauko daga masallaci. An yanka raguna, an yi shinkafar mandi, an kawo masu tsire, wanda Larabawa ke rububi suna ce masa siriya. Ɓangaren mata ya cika maƙil, dangi da maƙwabta da matan likitocin Najeriya da ke aiki a gari. Yaya na zaune a tsakiya kusa da Inna, kowa ta shigo sai ta sumbace ta ta ce mabruk Ummu Umair. Ni ina gefe, tun safe nake maimaita sunan a zuciyata, harshena ya ƙi ɗauka.

Aka yi sanarwa zai shigo gaida iyaye, mata suka ja mayafai. Ya shigo cikin farar riga, lambar zinariya a wuyansa, guɗa ta tashi. Ya sumbaci kan Inna. Ya durƙusa gaban Yaya ya ciro lambar ya rataya mata, ya ce, "Taki ce, Ummi." Aka sake guɗa. Sannan ya bi layi yana gaida gwaggwanni, ya iso kaina, ya sunkuya ya taɓa kaina da leɓensa a gurguje ya ce, "Sannu, Khala," zai wuce.

Na riƙe hannun rigarsa na ce, "Umair."

Mata suka juyo gaba ɗaya. Inna ta ce, "A'a! Ƙaltume!" Aishatu ta rufe baki da gefen mayafi. Ban kalle su ba, shi na kalla, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun yana goye.

Na ce, "Ka yi daidai da ka dakata a ja ta hagu. Ruwan wurin kumbura yake, shi ya ci ɗan Kazakistan. Amma a tsakiya ka shiga da hancin kwale-kwale a buɗe, shi ya sa igiyar ta doke ka. Tun kafin ciwon kafaɗa kake wannan kuskuren, ina gani ina jin haushi. Babu wasanka da ban kalla ba, ko ɗaya."

Ya tsaya baki buɗe. Na ga idonsa ya canja, na ce yau dai "Umma" za ta fito. Sai ya fashe da dariya, dariyar jin daɗi har da tafa hannu, ya juya ya ce, "Ummi, kin ji? Wallahi abin da mai horar da ni ya faɗa ke nan! Khala ta fi shi gani!" Ya juyo ya kama hannuna biyu yana girgizawa. "Masha Allah, Khala, ashe ke babbar mai goyon bayana ce kika ɓoye! Sai na kawo miki hula da riga na sa hannu. Kuma ashe kin san sunana!"

Mata suka kwashe da dariya, har Aishatu. Na ce, "Ni na zaɓa maka shi, tun kana ciki." Amma dariyar ta fi muryata ƙarfi, kuma Tahir ya leƙo daga ƙofa yana cewa ya fito, manyan baƙi na jiransa a ɗauki hoto. Ya saki hannuna ya ce, "Yalla, sai anjima, Khala," ya fita.

Aka koma cin abinci. Inna ba ta ƙara duban inda nake ba. Yaya ta taso ta zauna kusa da ni, igiyar lambar ta harɗe da mayafinta tana ja mata wuya. Ta ciro ta ta miƙo mini ta ce, "Riƙe mini, Ƙaltume, in gyara." Na riƙe. Tana da nauyi fiye da yadda na zata, kuma da ɗumin jikinsa a bayanta har lokacin. Yaya ta gama naɗa mayafinta, ta miƙo hannu, na mayar mata.